Shekarar da Aka Sa Mini Suna Rejim

Kun sha tambayata dalilin da ya sa tsofaffin matan unguwar New Bell suke kirana Rejim, alhali sunana na yanka Bilkisu. Na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai don ni siririya ce a ƙuruciya. Ba haka ba ne. Na kuma ji gwaggonku a gidan biki tana cewa agada, babbar ayabar nan ta suya, ita ce ta warkar wa kakata Hajiya Asabe ciwon suga. Wannan ya fi na farko haɗari, domin wani zai iya ji ya gwada. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda abin ya faru, tun da ni ce na tsaya a tsakiyarsa.

Shekarata goma sha biyu a lokacin. Gidanmu na katako ne mai rufin kwano, a wani lungu da in aka yi ruwan sama sai ka tattare zani ka bi ta kan duwatsu kafin ka kai titi. Baba tela ne a kasuwar Nkololoun, yana fita da safe ya dawo da guntayen zare a gemunsa. Inna tana gida da mu huɗu. Ɗaki na farko daga ƙofa kuwa na Hajiya ne, mahaifiyar Baba, wadda ta zo Douala tana amarya, ta yi shekara hamsin tana yi wa bukukuwan unguwa alkaki da nakiya. Ba ta taɓa zama a aji ba. Faransancinta na kasuwa ne, kuma tana ji da shi fiye da yadda take ji da zoben azurfarta.

"Ni na ci ciniki da Faransanci tun ubanku bai san hannunsa na dama ba," in ji ta, duk lokacin da wani ya yi yunƙurin gyara mata kalma.

Ni kuwa Bebiya take ce mini. Ta yi gaskiya. A makaranta in malama ta kira sunana sai in ji kunnuwana sun yi zafi, amsar tana bakina amma ta ƙi fita. Abin da Allah ya rage mini a baki sai ya ƙara mini a ido. Na san wace ƙusa ce a rufinmu take fara ɗigo, na san takun Baba na ranar da ɗinki ya yi kyau. Don haka ni na fara lura da Hajiya. Randar da muke cikawa da safe tana ƙarewa kafin azahar, kuma ita ce mai shanyewa. Zobenta ya fara juyawa a yatsa. In ta fito daga makewayi, ba a daɗewa sai kiyashi su yi layi zuwa wurin. Ta daina iya zura zare a allura, sai ta miƙo mini. Sannan wani katako ya kurje mata babban yatsan ƙafa, ɗan kurji da bai kai ƙwayar wake ba, ya yi sati uku bai rufe ba. Na ga duk wannan, ban gaya wa kowa ba.

Yatsan ne ya kai ta asibiti. Baba ya ce zai rufe shago ya raka ta, ta ƙi.

"Da ƙafata na zo garin nan, da bakina na zauna a cikinsa. Je ka wajen kekenka."

Ta dawo bayan azahar da ƙullin magani, ta zauna a kan tabarma, muka kewaye ta.

"To, ciwon suga ne," ta ce. "Likita ya ba ni ƙwayoyi, safe da yamma. Ya ce in dawo bayan wata guda. In sugan bai sauka ba, yatsan nan ba zai warke ba, ƙila ma sai an cire shi. Amma ya ce abin da ya fi ƙwayar shi ne rejim. Sau uku ya faɗa yana buga tebur. Rejim, rejim, rejim."

Ku da kuka tashi a nan kun san rejim. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Sandaga ya san shi: nonon agada guda, yadda aka saro shi daga uwarsa, wanda ƙato ɗaya yake saɓawa a kafaɗa. Wannan ne rejim ɗin da Hajiya ta sani, kuma shi Baba ya sani, domin shi ma allo ya yi, ba boko ba.

"Agada?" in ji Baba. "Ikon Allah. Ashe maganin ma a kusa yake."

Washegari mai amalanke ya shigo lungunmu da wani nono da ya kusa kai ni tsawo. Aka rataye shi a katakon rumfa. Ban taɓa ganin sati mai daɗi kamar wannan ba. Hajiya ta ce magani sai ya nuna, don haka ake jira har ɓawon ya yi ɗigo-ɗigo baƙi, sannan Inna ta soya da safe, ta soya da yamma, gidan duk ya ɗauki ƙamshi. Hajiya ta ci nata, mu kuma mu ci albarkacin mara lafiya. Maƙwabta da suka zo dubiya suka ji labari, kowa ya dawo da nasa hannun agadar. Sukari kam ta bar shi, tun da sunansa ciwon yake ɗauke da shi. Sai ta koma zuba zuma a shayi, cokali uku.

"Suga ya hana," in ji ta. "Ban ji ya ambaci zuma ba."

Kowa yana murna. Ni kaɗai nake kallon randa, kuma randa ba ta daina ƙarewa ba. Kiyashi ba su rage ba. In Hajiya ta warware tsumman da take ɗaure yatsan don yin alwala, ina ganin jan da ke kewaye da kurjin ya ƙara faɗi.

Aikina ne duk Lahadi in goge kwallayen Hajiya da ke jere a kabad, in buɗe kowace in share cikinta. A cikin ta uku, mai furen shuɗi, na tarar da takarda a ninke huɗu, da tambarin asibiti. A samanta an rubuta Régime alimentaire du diabétique. Na tsaya da tsumma a hannu. Na san wannan kalmar. Watan da ya wuce malamarmu ta koya mana ita a darasin dabbobi: akuya tana da nata rejim, ciyawa da ganye, kyanwa tana da nata, nama da kifi. Tsarin abin da kowa yake ci ke nan. Takardar layi biyu ce, na abin da za a ci da na abin da za a guje wa. A layin gujewa na ga sukari, zuma, lemon kwalba, madarar gwangwani mai zaƙi, fanke. Na shida, soyayyiyar agada nunanniya.

Na kai wa Inna a kicin, na karanta mata cikin raɗa. Ta ajiye ludayi, ta dubi kaskon suya.

"Da ma jikina ya ba ni," ta ce. "Maganin da yara suke rububinsa, ai da alamar tambaya."

"To ki gaya mata, Inna."

"Ni? In je in ce wa surukata ba ta jin Faransanci? Kina so in kwana a titi?"

"Baba fa?"

"Babanki ko ta ce masa rana daga yamma take fitowa, to zai ce." Ta juyo ta dube ni. "Ke ce jika. Abin da ɗa ba zai faɗa ba, da abin da suruka ba za ta faɗa ba, jika tana faɗarsa da wasa, ba mai ce mata kanzil. Allah ya ba ki wannan bakin, ke ce dai ba ki taɓa amfani da shi ba."

Kwana huɗu na yi da takardar a cikin littafin lissafina. Kullum in zauna kusa da Hajiya in buɗe baki, sai ta dube ni, sai in tambaye ta ko tana son ruwa. Ba na son in ɓoye muku wannan. Kwana huɗu tana cin abin da yake cutar da ita, ni kuma ina kallo, saboda kunya. Har yau in na tuna sai na yi istigfari.

Ranar Juma'a Baba ya dawo daga masallaci, mai amalanke a bayansa, da sabon nono wanda ya fi na farko. Hajiya tana kan tabarma tana sa masa albarka. Ta miƙe ƙafa, tsumman ya zame, na ga yatsan ya kumbura har yana sheƙi. Na tuna Inna ta ce da wasa ake farawa. Ni kuma ban iya wasa ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Hajiya, ashe akuya ma tana da rejim."

Kowa ya juyo ya dube ni. Har mai amalanken ya tsaya da kuɗinsa a hannu.

"Me kika ce, Bebiya?"

"Akuya… da kyanwa. Kowa da nasa."

"Ni kike haɗawa da akuya?"

Na ga babu komawa baya. Na zaro takardar, na fara karantawa ina mayarwa da Hausa, layi bayan layi. Wannan karon muryata ta fito. Na ce rejim biyu ne, akwai na kasuwa, akwai na likita. Da na kai kan soyayyiyar agada, Baba ya ɗaga kai ya dubi abin da ya sayo, ya cire hularsa ya sake sawa.

"Ku kira mini Terez," in ji Hajiya.

Mama Terez maƙwabciyarmu ce, 'yar ƙabilar Basa ce, tana sayar da ganye a Sandaga, kuma ta yi makaranta. Shekara ashirin suna musayar kwano ta kan katanga ita da Hajiya. Ta shigo tana goge hannu, ta karɓi takardar, ta karanta, ta dubi nono biyu da ke rumfa. Sai ta fashe da dariya har ta zauna a kan turmi.

"Wayyo, Mami Hajiya! Wannan ne rejim ɗin? Sati biyu ina jin ƙamshin suya, na ce ko aure za ku yi ba ku gaya mini ba! Yarinyar nan ta yi gaskiya. Likita cewa ya yi ki kama bakinki, ke kuma kika buɗe shi."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta tashi, ta ɗingisa zuwa ɗakinta, ta saki labule.

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. In tana son zare a allura sai ta kira ƙanwata, wadda ko ramin allurar ba ta iya samu. Wannan ya fi mini duka zafi. Inna kuwa ta bi takardar, ta dafa mata nata daban a ƙaramar tukunya, ganye da kifi, ta kai mata ɗaki. Kwanon ya dawo yadda ya tafi.

"Shekara hamsin ban ci abinci ni kaɗai ba," muka ji ta daga bayan labule. "Ku ci mai daɗi a tsakar gida, ni a turo mini ciyawa a ɗaki? Ai maganar Bebiya ta tabbata, na zama akuya."

A nan ne Baba ya yi abin da ban taɓa zaton zai iya ba. Mutum ne da shayinsa sai da sukari ƙwaya huɗu. Ya ɗauki kwalin sukarin daga kan tebur, ya miƙa wa Inna, ya ɗaga murya yadda za a ji a ɗakin farko.

"Daga yau tukunya ɗaya ce a gidan nan. Abin da Hajiya za ta ci, shi kowa zai ci. Wanda ba ya so, ga ƙofa."

Ya kurɓi shayinsa haka nan, fuskarsa ta yamutse kamar ya tauna maɗaci, ya ce, "Alhamdu lillahi." Muka ji wani ɗan sauti daga bayan labule, kamar tari, kamar dariya. Da yamma Hajiya ta fito ta zauna a bakin tire. An raba wa maƙwabta agadar, kuma ƙannena ba su yafe mini ba. Su ne suka fara kirana Rejim, da zagi suke nufi, suna mintsinina a kan tabarmar cin abinci.

Ranar Litinin da safe ina shirin makaranta, Hajiya ta tsaya a ƙofar ɗakinmu da mayafinta.

"Bebiya, ɗauko gyalenki. Tun da ke ce mai Faransanci biyu, zo ki ji mini da kunnenki."

Ba ta jira watan ya cika ba. A asibiti aka wanke yatsan aka ɗaure da bandeji, aka ce a riƙa kawo ta wanki duk bayan kwana biyu. Wata nas mai ƙaton tabarau ta zaunar da mu ta bi takardar da mu. Ni da ba na iya amsa malamata, ranar na yi tambaya ta fi goma, domin Hajiya tana zungurina da gwiwar hannu. Tuwo fa? A ci, amma kada ya wuce dunƙulen hannunta. Wake fa? A ci. Kifi? A gasa ko a dafa. Goro? Nas ta yi murmushi ta ce kaɗan. Can Hajiya ta zungure ni da ƙarfi.

"Tambaye ta agada."

Na tambaya. Nas ta ce nunanniya soyayyiya a bar ta. Amma ɗanya, koriya shar, in an dafa ta a ruwa, tana iya cin guda ɗaya tare da ganye mai yawa, ba kullum ba. Na mayar wa Hajiya. Ta gyara zaman mayafinta, ta dubi nas, ta dube ni.

"To, kin ji. Da ma rejim ya ce, rejim na saya. Launi ne kawai aka samu saɓani."

Ban gyara mata ba. A ranar na koyi cewa ba kowace gaskiya ce sai an kai ta ƙarshe ba, in dai yatsa zai tsira.

Watannin da suka biyo baya su ne na fi so a duk ƙuruciyata. Mama Terez ta shigo da dami na shuwaka, ta koya wa Inna yadda ake murza ta a wanke har sau uku, a haɗa da ɗanyar gyaɗa da kifi banda, irin miyar da mutanen gari suke kira ndole. Hajiya ta yi shekara hamsin tana cewa wannan abincin 'yan ƙasa ne, ba za ta sa a baki ba. Ta ɗanɗana, ta taɓe baki, ta ce gishiri bai ji ba, sannan ta suɗe kwanon. Inna ta dawo da miyar kuɓewa da zogale da muka fara mantawa da su, ta rage mai har ta ce kwalba ɗaya tana kai ta inda biyu ba sa kaiwa da. Kullum kafin a zuba tuwo sai an yi shari'a, domin Hajiya ta dage cewa nas ba ta faɗi hannun wa ba.

"Dunƙulen hannu aka ce. Kai, miƙo naka a gwada," take ce wa Baba.

"Naki ta ce, Hajiya," in ce ni.

"Ji ta. Da ba ta magana mun huta."

Alkaki kuwa ba ta daina yi ba, domin sana'arta ce, amma ta daina ɗanɗanawa. Ni na zama harshenta. Ta tsoma ɗaya a ruwan zaƙi ta miƙo mini, ta zuba mini ido, kuma dole in ce wani abu: ya ji, ko bai ji ba, ko wutar ta yi yawa. In na yi shiru ta ce, "Harshe na ɗauka aiki, ba gunki ba." Da yatsan ya fara sauƙi, muka riƙa fita bayan la'asar, mu taka a hankali har bakin layin dogo mu dawo, tana gaisawa da kowa, tana tilasta mini in gaida su da sunansu. Ina lura da komai kamar da, sai dai yanzu ina faɗa. Na gaya mata ranar da randa ta kai magariba da ruwa a ciki. Na gaya mata ranar da kiyashi suka daina layi. Bandeji ya riƙa ƙanƙancewa, daga mai naɗe ƙafa zuwa mai naɗe yatsa, har ranar da nas ta cire na ƙarshe ta ce ba sai an sa wani ba. Hajiya ta motsa yatsan sama da ƙasa tana kallonsa, kamar baƙon da ya dawo daga tafiya.

Ku gaya wa gwaggonku ciwon bai warke ba. Ciwon suga ba ya tafiya, zama ake yi da shi. Hajiya ta sha ƙwayoyinta safe da yamma, ta ci daga tukunyarmu guda, ta yi shekara goma sha huɗu bayan wannan, kuma ta koma ga Mahaliccinta da yatsunta goma cif. Allah ya jiƙanta. Baba bai sake sa sukari a shayi ba, ko bayan rasuwarta. Ya ce bakinsa ya manta hanya.

Sunan kuwa ita ta tabbatar da shi. A bikin farko da ta je bayan yatsan ya warke, ta sa rufaffen takalminta da ta yi wata uku ba ta iya sawa ba, ni ina biye da ita da kwallar alkaki a ka. Matan unguwa suka taso suna yi mata barka. Ta kamo hannuna ta jawo ni gabansu, ni ina neman inda zan ɓoye fuska.

"Ku ga Rejim ɗina," ta ce. "Shekara goma sha biyu ba ta ce uffan ba. Ranar da ta buɗe baki, akuya ta ce mini. Ku duba ƙafar nan, da ba ta ce ba, da yau yatsa tara zan kawo muku."

Aka yi ta guɗa. Wata tsohuwa ta ce, "Rejim, sannu da aiki," ni kuma, a gaban mata fiye da talatin, na ɗaga kai na ce, "Yauwa."

Kwallar nan mai furen shuɗi da ke saman kabad ɗina, wadda nake hana ku wasa da ita, ita ce. Ku buɗe ta in kuna so. Takardar tana ciki, a ninke huɗu, da ɗigon man suya a gefe ɗaya.